Ranar da Motar Baba Ta Kafe a Bakin Lungu

Unguwar Limawa, Dutse,
Jihar Jigawa.
14 ga Yuli, 2009.

Zuwa ga Yayana Abdulƙadir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, ya ƙara buɗi a wurin aiki, ya kare ku a zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa a gonar hanyar Kiyawa, ƙafar mahaifiyarmu Adda ta yi sauƙi har ta koma yawon barka da biki, autarmu Fiddausi kuma ta shiga izu na arba'in. Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. To kai a waya kullum kamar wanda ya bar tukunya a wuta kake, labarin nan kuwa ba na tsaye ba ne. Ka nemi wuri ka zauna.

Tun da ka aiko wa Baba motar nan 'yar Jamus ka ce ya rufe gareji ya huta, ya bi maganarka, amma gaskiya ban taɓa faɗa maka yadda hutun ya karɓe shi ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin Fijo da manyan motoci, sai ga shi a kan tabarma daga hantsi har la'asar, yana kallon masu wucewa. Abinci sai an yi da gaske, hira kuma daga "to" sai "madalla". Kullum in na zo daga gidana na Yalwawa na gan shi haka, da damuwa nake komawa. Ana nan, ranar Talatar makon jiya, sai takalman birkin baya suka fara kuka. Yaya, ban taɓa ganin wanda motarsa ta samu matsala ya yi murna irin ta Baba ba. Da kansa ya je ya sayo sababbi, ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe shi yana 'yar waƙa.

Ka san motar ba ta da birkin hannu irin wanda ake ja, ɗan maɓalli ne ake dannawa. Ashe a bayan kowace tayar baya akwai ɗan ƙaramin inji mai aiki da wuta, shi ne yake matse birkin ya kuma sake shi. Baba ya ce da ya zo tura fistin, wato ƙarfen da ke danna takalman, ya koma ciki don sababbin takalman su samu wuri, sai ya ƙi motsi, ya kuwa san ƙarfe ba ya gardama a banza, don haka bai sa masa ƙarfi ba. Ya kwance ɗan injin, ya murɗa abin da hannu, fistin ya koma salin-alin. Har nan ba wanda zai koya masa aiki. Sai dai ka san Baba da giris. Mutumin da ya shafa wa keken ɗinkina giris har ya ɓata mini atamfa biyu, kana tsammanin zai ga soket ɗin waya a fili ga damina ya ƙyale? Ya wanke su da fetur, ya cika na dama da giris taf don kada ruwa ya shiga. Na hagu ya tsira ne kawai don gwangwanin ya ƙare.

Ya gama ya zagaya unguwa, birki lafiya lau. Da aka kira la'asar sai ya tsaya a daidai bakin lungunmu, ya danna maɓalli, ya shiga masallaci. Fitowarsa ke da wuya mota ta ce ba ta san zancen ba. Fitila ta kunnu a gaban sitiyari, wani abu yana ta ƙara, tayar baya ta kafe. Aka tara majiya ƙarfi aka tura, ko gezau. Ka kuma san faɗin lungun namu. 'Yan garuwa suka kasa shiga da kura, masu babur sai sun zagaya ta bayan makarantar allo, akuyoyi kaɗai suka ji daɗi don sun samu inuwa. Shawara kuwa ba irin wadda ba a kawo ba. Wani ya ce a fasa ɗan injin da guduma, wani ya ce sai an ɗauko mai na'ura daga Kano, wata tsohuwa ta aiko da turaren hayaƙi wai motar ta taho da mutanen ɓoye daga bakin teku. Malam Bubayero, aminin Baba, ya kawo kujerarsa ya dasa a gefe, yana cewa shi dai saniyarsa ba ta taɓa kafewa a hanya don an danna mata maɓalli ba.

Dariyar ta tsaya ne ranar Laraba da yamma, da mai unguwa ya zo cikin girmamawa ya ce lallai a buɗe hanya kafin sallar Juma'a, ko da janwe za a kira ta ja motar. Nan Baba ya miƙe a gaban mutane ya ce in har hannun wani ne ya saki motar nan, to zamaninsa ya wuce, zai ba da akwatin kayan aikinsa kyauta, ba zai ƙara riƙe sifana ba har ya koma ga Allah. Ka san shi ba ya magana biyu. Ni kuwa wallahi na san in akwatin nan ya bar gidan, tabarmar nan ce za ta cinye mana shi. Ranar Alhamis ya wuni yana bin fis ɗin wutar motar ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka yi cajin batir, ya cire kan batirin ya mayar, duk a banza. Idonsa kuma ba kamar da ba, sai ya kai abu kusa da hanci yake gani. Na kai masa fura ya ce in ajiye, har magariba tana nan a rufe.

Ranar Juma'a da hantsi ya aika aka kira ni. Ya ce ya gaji da kallon motar, yau saurarenta zai yi. Ya roƙi mai injin niƙa ya kashe, ya roƙi masu rediyo su rage. Malam Bubayero da ya kwana biyu yana tsiya, shi ne ya tashi da sandarsa ya tsare hanya yana mayar da masu babur. Ban taɓa jin Limawa ta yi tsit haka da rana ba. Baba ya sa ni na zauna a kujerar direba, ya ce danna maɓalli ba gyara ba ne, don haka rantsuwarsa tana nan. Ya kwanta a ƙasa da doguwar sukudireba, bakinta a jikin ɗan injin hagu, ƙotarta a kunnensa, ya ce in danna. Na danna. Ya ce wannan yana magana. Ya rarrafa ya koma dama, na sake dannawa, sai na ji ya ce wannan ko numfashi ba ya yi, wuta ba ta zuwa masa. Ya laluba da hannu, sai ya ji soket ɗin ya ɗan turo waje. Girisin da ya cusa ne ya hana shi shiga ya kama, girgizar ɗan injin ta raba wayoyin bayan birki ya riga ya matse.

Ya zare shi, ya kwashe girisin da tsinken tsintsiya, ya wanke ya bari ya bushe, ya mayar har muka ji ya ce ƙas. Ya ce in taka birkin ƙafa in danna. Yaya, sai ga ƙara ta fito ta gefen biyu a tare. Ya sa na matse na saki har sau uku, na kashe motar na tayar, fitilar ta ɗauke. Lungu ya ɗauki kabbara, mata suna guɗa ta kan katanga, 'yan garuwa suna buga jarkoki. Ni kuwa na kifa kaina a sitiyari ina kuka ina dariya, ban ji kunyar kowa ba. Malam Bubayero ya rungume shi da rigar Juma'arsa fara tas, yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce kowa ya shaida motar ba ta da laifi, laifin hannunsa ne, sabo turken wawa. Daga nan ya shiga ya ja ta zuwa ƙofar gida, ya dawo ya shanye fura kwano guda a tsaye.

Tun ranar Baba bai zauna ba. Labari ya kai gareji, jiya makanikai biyu suka zo har gida don ya nuna musu yadda ake murɗa ɗan injin nan, wani kuma daga Kafin Hausa ya aiko cewa yana tafe da irin motar. Ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari, ya koma yi wa Adda faɗa a kan ƙofar da take bari a buɗe. Da na ce zan rubuto maka, sai ya ce in gaya maka ya gode da mota, amma in ka sake samun wata mai taurin kai, ka aiko.

To ga roƙona, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Na san don ƙauna ka ce ya huta, Allah ya saka maka da alheri. Amma mun kusa rasa shi yana zaune a gabanmu, ba mu sani ba. In kun yi waya, don Allah kada ka ƙara ce masa ya huta. Ka tambaye shi yadda ake sauraren birki, ka bar shi ya yi ta bayani har ya gaji, ko da ka makara wurin aiki.

Ka gaida mini Yaya Nusaiba da kyau, ka shafa mini kan Muslim da Ummi. Adda da Fiddausi da maigidana suna gaishe ku. Baba ma ya ce a gaishe ku, daga ƙarƙashin mota ya faɗa. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Ƙanwarka,
Adama.