Dutsen Niƙan Da Na Ɓoye A Wayata

Anti, ki taimake ni da shawara kafin Litinin, don ɓacin rai ya kai ni bango.

Ni mai buga rubutu ce a wata ƙaramar maɗaba'a, shekarata arba'in da ɗaya. Tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru da ni kullum: kwanan wata a sama, abin da na yi, da abin da na faɗa wanda bai kamata ba. Littafi goma sha tara na cika. Da yara suka iya karatu sai na koma rubutawa a waya, wadda Auta ya saya mini, ya saita da hannunsa. Auta ƙanena ne, a bayana ya girma. Yana aiki a wani ofishin gwamnati da ba ya son a tambaye shi me suke yi.

Mama ta yi jinyar shekara shida a ɗakina. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Washegarin rasuwarta na rubuta layi ɗaya da har yau nake jin kunyarsa, cewa na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata huɗu da suka wuce muka saɓa da Auta kan keken ɗinkin Mama. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ce in daina nuna na fi kowa son ta, ni da aka sauke wa dutsen niƙa daga ka. Yana faɗa ya cije leɓe.

Kaina na fara zargi, haka nake. Na tambayi maigidana ko ina magana cikin barci, ya ce minshari dai. Na bi saƙonnina ɗaya bayan ɗaya ko na tura wa wani bisa kuskure. Babu.

Sai labari ya ɓulla cewa an sace manhajar leƙen waya da wani kamfani ke sayar wa gwamnatoci, an watsa ta a intanet tare da jerin lambobin da aka sa wa ido. Wata ƙungiyar lauyoyi ta ce kowa ya je a duba masa. Na je. Lambata na ciki, tun makon da muka buga takardun yajin aikin ma'aikatan jinya. Ni ban tsara ko kalma ɗaya ba, waƙafi da aya kawai na gyara! Sau uku na bi lambar da yatsa.

Na tare Auta, bai musa cewa ofishinsu ne ke leƙen wayata ba. Wai sunana ya riga ya shiga, shi ya roƙa a ba shi fayil ɗina don kada bare ya karanta sirrin Yayarsa, kuma rahoton da ya rubuta ne ya sa ba a zo an ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Wato in gode masa ke nan? Wa ya ba su izinin shiga cikin kaina? Ba alƙali, ba takarda, ba laifi. Su da suka ce tsare mu suke yi, ko makaminsu sun kasa tsarewa, yanzu duk ɗan damfarar da ya ga dama zai iya ɗauka.

Lauyoyin za su shigar da ƙara, ranar Litinin za su rufe karɓar sa hannu, kuma suna son wayar. In na sa hannu, sunan Auta na iya fitowa, ga shi da 'ya'ya uku, kuma wasu za su ga wancan layin. In na ƙi, na yarda ke nan ni ba kowa ba ce. Wata huɗu ban rubuta komai ba. Ko ni ce mai kambama abu, Anti?

Mai Aya Da Waƙafi

AMSA

'Yar'uwa, ba ki kambama komai ba. Wanda ya leƙa miki ɗaki ba sallama ya yi laifi, balle wanda ya leƙa miki zuciya.

Mu fara da layin nan. Gajiya ba ƙiyayya ba ce. Shekara shida hannuwanki suna ba da shaida, layi ɗaya ba zai ƙaryata su ba. Ki faɗa wa maigidanki da bakinki. Sirrin da kika furta da kanki ya daina zama sanda a hannun wani.

Laifi biyu ne a nan, kada ki cakuɗa su. Na ofishin shi ne leƙen da ba hujja, kuma kotu ce wurinsa. Na Auta daban. Mai yiwuwa da gaske ya kare ki, ba zan hana shi wannan ba. Amma kariya ba ta buƙatar ya haddace maganarki, ya adana ta har ranar faɗa. A nan sai ya nemi gafara, ba godiya ba.

Ki kashe wayar ki ajiye, kada ki goge komai, ki nemi wata da sabon layi. Gobe ki koma wurin lauyoyin da tambaya uku, su amsa miki a rubuce: za a iya sakaya sunanki? Wa zai ga abin da ke cikin wayar? Ofishin ake ƙara ko ma'aikata ɗaiɗai? In amsar ta kwanta miki, ki sa hannu. Amma kafin nan ki sami Auta ido da ido, ba ta waya ba, ki sanar da shi don ya shirya. Sanarwa na ce, ba neman izini ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba a kuma rufe gyambo da zani.

A hanyarki ta dawowa ki tsaya ki sayi littafi na ashirin, da ƙaramin kwaɗo. Ki sa kwanan wata a sama kamar yadda kika saba. Sun karanta na jiya, kada ki bari su hana ki rubuta na gobe.

Allah Ya jiƙan Mama, Ya sanyaya miki zuciya.