Lambobin Rautar Malam Isiyaku

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya kafa mana intanet,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni ce Saudatu, matar marigayi Malam Isiyaku, daga wani ƙauye kusa da Ƙafin Maiyaki. Ba halina ba ne kai ƙara, amma sau huɗu ina kiran ofishinku, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. 'Yarmu ɗaya ce, Rabi, tana aure a Jidda. Saboda ita Malam ya sa kuka kafa mana rauta, wato na'urar da ke kawo intanet gida, don sabis ɗin waya a nan ko murya da ƙyar yake ɗauka. Kullum bayan la'asar mukan ga fuskarta. Wata biyu ke nan da rasuwarsa. Ina takaba.

Na biyu. Ranar da aka yi tsawa rautar ta ɗauke. Maƙwabciyata ta ce in tura allura a ɗan ramin da ke bayanta, na tura. Ashe goge komai yake yi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Ma'aikacinku ya ce sai an sake shigar da lambar IP, wato adireshin na'urar, da ta getwe, wato ƙofar shiga intanet, kowace kashi huɗu da ɗigo a tsakani. Na ce ya karanto mini, ga biro a hannuna, Malam ya taɓa nuna mini gurbin a waya. Ya ce sai mai sunan rajista, ko in zo Kano da takardar mutuwa.

Na uku, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Da na yi ta roƙo, sai ya ce in miƙa wa wani namiji wayar ya ce shi ne Malam Isiyaku, minti biyu an gama. Na san taimako yake nufi, don Allah kada a hukunta shi. Amma mutumin da ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, in sa a ari sunansa a yi ƙarya? Ban iya ba. Mai takaba kuwa ba ta hawa mota zuwa Kano saboda lambobi.

Yau sati uku ke nan babu intanet. 'Yan gaisuwa duk sun watse. Idan na sallame la'asar sai in zauna a tabarma ni kaɗai, jar fitilar rautar na ƙiftawa. Rabi ta shiga watan haihuwa, cikin fari, kuma murya kaɗai ba ta nuna mini ko ƙafarta ta kumbura, ko ɓoye mini kuka take.

Roƙona biyu ne. Ku karɓi shaidar limaminmu ko mai unguwa, ku turo mini lambobin. Sannan ku yi wa mata irina tanadi, don ba ni ce ta ƙarshe ba.

Idan ba zai yiwu ba, zan jira in fita takaba. Sai dai haihuwar ba za ta jira ni ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya jiƙan magabatanka, Ya bar ka da naka.

Wassalam.
Saudatu Isiyaku