Ƙyallen Rigar Habibu

Daren Talata, unguwar Wangsa Maju, ƙasar waje

Yau maƙwabciyata 'yar Ireland, da za ta gida hutu, ta roƙe ni ƙyallen rigar ɗana Habibu. A garinmu mai neman tsumman ɗanka ai asiri zai yi masa!

Ashe tarinsa take ji ta bango. Wai ƙauyensu akwai rijiyar wani waliyyi, ana jiƙa tsumman mara lafiya a ruwanta, a ɗaure a bishiya, yana ruɓewa cutar na tafiya.

Na ce, "Anti, addinina bai yarda ba."

Ta yi dariya. "Limamin cocinmu ma ba ya so."

Ban ba ta ƙyallen ba, amma na cika mata kwano da tuwo. Duk benen nan, ita kaɗai ta ji tarin yarona.