Karsanar da Kika Bari a Sheda

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ce Zainabu, autarki mai taurin kai. Ban canza ba.

Umma, kin tuna shafin intanet ɗin da na dame ki da zancensa a asibiti? Wanda matan ruga za su sa man shanu da kindirmo, mutanen gari su zaɓa su biya, a kai musu har gida. Kika ce, "Ke dai Zainabu, nonon ma sai kin cusa shi a kwamfuta?" To, an gina shi. Hotuna sun hau. Saura wurin biyan kuɗi kawai, kuma Yakubu, injiniyan da ke yi min aikin, ya samu aiki a Legas, ƙarshen wata zai tafi. In ya tafi ban biya wannan ɓangaren ba, sai an faro da wani daga tushe, ni kuwa ba ni da wannan ƙarfin.

Kuɗin ba su da yawa, abin da ya fi ci min rai ke nan. Na zaga Maitama, unguwar masu kuɗi, da takardu a jaka har takalmina ya cinye. Wani tsohon abokin aikinki ya ba ni shayi da nasiha. A wani gidan mai gadi ya ce oga ba ya nan, alhali ina hango shi ta taga. Wani kuma ya ce abin da nake nema ya yi kaɗan, su manyan ayyuka suke tallafa wa. Ashe ƙaramar buƙata ma laifi ce a garin nan.

Sai na tuna karsanarki. Shekarar da aka ƙara muku albashi a ma'aikata, ƙawayenki suka sayi leshi da gwal, ke kika sayi karsana kika kai wa Goggo Dije kiwo a rugarsu da ke bayan Sheda. Mun yi miki tsiya sosai, muna kiran ki Hajiyar shanu.

Ranar Asabar na je da niyyar a sayar min da ita. Goggo Dije ta shimfiɗa min tabarma, ta dama min fura, ta saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ta ce a'a. Ta ce kin bar mata magana: "Ko 'ya'yana sun zo miki da kuka, kar ki ba su uwar. Ki ba su abin da ta haifa."

Na ji haushinki, Umma, ba zan ɓoye ba. Na ce ko bayan ranki sai kin tsara min rayuwa. Goggo ta ja hannuna zuwa garke, ta nuna min wani bajimi fari, ta ce ɗan karsanarki ne. Shekarun nan duka ban taɓa zuwa na tambaya ko uwar tana raye ba. Kunya ta kama ni, na fashe da kuka a gaban shanu.

Mijin Goggo ya kai bajimin kasuwar shanu ya sayar. Kuɗin sun kusa isa, amma ba su isa ba. Da matan rugar suka ji, kowacce ta ba ni kwalbar man shanu, wai shafin ai nasu ne. Yanzu kullum da safe ina bin ofisoshin ma'aikatarku da jaka ina tallarsa, ni da digirina. Masu dariya su yi ta yi. Kwalba huɗu ta rage, kuma wallahi Yakubu ba zai hau motar Legas ba sai aikin nan ya kammala.

Saniyarki tana nan, Umma, Goggo ta ce tana da ciki kuma. Hotonta na sa a fuskar shafin. Na daina jin haushi. Da kin bar ni da halina, da yau ba ni da komai a Sheda.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna, Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Zainabu, 'yar Hajiyar shanu.