Zabirar Gidan Wanzamai

Mansur, Makka
Rajab, 1384

Zuwa ga ɗana Tijjani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Ramlatu. Bayan haka, albishirinka: matar ɗana Ɗanjuma ta sauka lafiya, namiji. Na yi jika a garin Manzo. An sa masa sunan mahaifinmu Hadi, muna ce masa Abba. Ni na yi masa askin suna, ina ta murna har mata suna yi mini dariya. Wannan rubutu ma hannuna ne, bokon da na koya a ajin dare da furfurata.

Buƙatata ɗaya ce. Zabirar mahaifinmu da na bari wurin marigayi babanka lokacin da na taho, da asake da ƙahonnin cikinta, ka ba wani amintacce cikin alhazan bana ya kawo mini. Mai ita ya zo duniya.

Baffanka,
Tsoho Wanzami

Kano
14 ga Disamba, 1964

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Allah ya raya Abba.

Baffa, zabira tana nan rataye a zaure, ba mai taɓa ta. Ni ina koyarwa, ƙannena suna makaranta. Wani Bature mai tara kayan tarihi ya gan ta, ya roƙa a ba shi ya sa ta cikin gilashi, na kuwa yi masa alkawari. Ya ce sana'ar gidanmu ta zama dormant. Kada ranka ya ɓaci, ba zagi ba ne. Kalmar ta Ingilishi ce, sun aro ta daga Faransanci, su kuma daga Latin, asalinta barci. Ana faɗinta ga abin da bai mutu ba amma ya daina motsi, kamar iri a ƙasa da rani, ko dutse mai aman wuta da ya lafa. A wurinsa za a kula da ita, gara ba za ta ci ba. Ina neman amincewarka.

Ɗanka mai biyayya,
Tijjani

Mansur, Makka
Ramalan, 1384

Tijjani,

Gaisuwa. Ban amince ba.

Na kai kalmar taku wurin maƙwabcina Isufu mutumin Maraɗi, wanda ya yi soja a hannun Faransawa. Ya ce gaskiyarka, da irinta kofur ke yi musu tsawa idan ya kama su suna gyangyaɗi a bakin aiki. To wa Baturenka ya kama yana gyangyaɗi? Zaurenku ya leƙa, bai leƙo Mina ba.

Ranar layya, bayan jifa, alhazai layi suke yi a gabana tun hantsi har hannuna ya ƙage. Na aske Bajawe daga tsibiran gabas, na aske Baturke, na aske mutumin Misira, ba wanda ya tambaye ni takarda. Askarawa ne ke tambaya, don ba ni da igama, takardar izinin zama. Sun sha korata, sun taɓa ƙwace mini aska, na sayi wata washegari na koma gindin dutsen da suka tashe ni. Ɗanjuma yana yi wa mutane ƙaho a unguwar Shisha. Wannan ne barcin?

Kai ka ajiye aska ka ɗauki alli, ban hana ka ba, ni ma da tsufana na zauna a benci. Amma ba ka da ikon kyautar da abin da ba kai kaɗai ka gada ba. Ka je ka ce wa Bature baffanka yana raye, kuma ya ce a'a. In kunya kake ji, ɗora laifin a kaina, na iya ɗauka.

Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Tsoho

Kano
2 ga Maris, 1965

Baffa,

Gaisuwa da ban girma. Na faɗa wa Bature. Bai ji daɗi ba, ya ɗauki hotonta ya tafi. Zabira tana cikin kayan Hajiya Saudatu ta maƙwabta, jirginsu zai tashi mako mai zuwa.

Idan ka duba za ka ga babu ƙaramar aska ɗaya. Ni na cire, kuma ba zan aiko ta ba. Ramlatu tana da ciki. Kamar yadda ka ce, ba mutum ɗaya ya gada ba.

Ka huta lafiya.

Tijjani