Na je neman 'yar wasa, an ba ni mata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, don rabin 'yan Najeriyar da ke Alƙahira sun san ni. Don Allah ku ba ni shawara, mai dariya ya yi dariyarsa ya gama tukuna, ni abin ya ishe ni.

Ni ɗan Zariya ne, ina karatun digiri na biyu a fannin motsa jiki, ina kuma taimaka wa mai horar da 'yan ƙwallon kwando a wata jami'a mai zaman kanta. Kaftin muke ce masa, Bamisire ne. Ƙungiya biyu ce, ta maza da ta mata, amma duk wahalar ta matan a kaina ya jibge ta. Shi in ya ga dogon yaro a fili sai ya karɓi lambarsa, ya ce yalla, wato maza, gobe yaro ya zo da takalminsa, khalas, shi ke nan. Ni kuwa kafin in samu yarinya ɗaya sai na sha shayi a gida uku, a tambaye ni wa zai kai ta, wa zai dawo da ita, wane irin wando za ta sa, za a tashi kafin magariba ko a'a. A wurin horo ma haka. Namiji in ya karkace gwiwar hannu sai in kama in miƙar, in daka masa tsawa ya gyara. Mace da naɗaɗɗiyar jarida nake nuna mata daga nesa, in na ɗaga murya gobe ba zan gan ta ba. Kuma takardar shiga ta mata ce kawai ake neman sa hannun uba a kai.

Wata biyu da suka wuce na ga wata yarinya a wasan makarantun sakandare, bari in kira ta Nusaiba. Hausawan Sudan ne, suna zaune a unguwar Hadayek el-Maadi nan Alƙahira. Wallahi tun da na fara aikin nan ban ga mai hannun jefa ƙwallo irin nata ba. Jami'armu tana ɗauke wa 'yan wasa kuɗin makaranta, ita kuma ba ta da wata hanyar karatu sai wannan. Ta ce min matsalar babanta ce, in je in same shi da kaina.

Ranar Juma'a bayan masallaci na tafi, da babbar rigata, da abokina Sani, da tiren basbusa, wani kek mai zaƙi na nan, da ɗan kilishin da aka aiko min daga gida. Ni a raina girmamawa ce. Bayan mun gaisa na ce, Baba na daɗe ina lura da Nusaiba, na yaba da natsuwarta, shi ne na zo neman a ba mu ita, kuma na yi alkawarin riƙe amana. Ya tambayi iyayena da aikina, na amsa. Har tsayinta na yaba, Allah Ya yafe min. Idon tsohon ya kawo ruwa, ya ce shekara da shekaru yana roƙon Allah jininsa ya koma ƙasar kakanninsa, "Ya waladi, ɗana, na ba ka." Ya ɗaga hannu a yi fatiha. Sani yana ta mintsinina, sai da na ji guɗa daga cikin gida na gane abin da na aikata. Kalmar ƙwallo ko sau ɗaya ba ta fito daga bakina ba, na bar ta sai ƙarshe ne don kar ya firgita.

Washegari Nusaiba ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce ita karatu ta aike ni nema, ba miji ba, kuma ko maza sun ƙare ba ta ga abin so a mutumin da ke nuna mutane da jarida ba. Ban ji haushi ba, ni ma akwai wadda nake nema a gida. Amma ta ce kar in kuskura in warware yanzu, don baban ya riga ya sanar da dangi har Omdurman ta Sudan, in ya ji kunyar nan ko ƙofar fili ba za ta sake gani ba. Wai in kai masa takardar a matsayin suruki, da Turanci take, zai sa hannu bai tambaya ba, bayan wata shida sai mu ce ba mu daidaita ba.

Na kai wa Kaftin kuka, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ma'alish, wato sai haƙuri, shi dai ranar Alhamis zai rufe rajistar 'yan wasa. Na ce masa a cikin yaransa maza wa aka taɓa ce wa ya kawo ubansa? Ya ce shi ya sa ya ba ni matan. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ba ma gaisawa sosai. Sani kuma, da yake ɗalibin shari'a ne, ya ce in na yaudari tsohon nan kar in sake yi masa magana.

Na rasa inda zan sa kaina. In na faɗi gaskiya na kunyata dattijo a gaban danginsa, yarinya kuma ta rasa jami'a saboda wautar bakina. In na yi shiru na ci amanar mutumin da ya yi hawaye a gabana. Baban nata tela ne, ɗazu ya kira ni ya ce in zo shagonsa gobe Laraba ya gwada ni, zai ɗinka wa ɗansa jallabiya da hannunsa. Jama'a, in na tsaya gabansa yana zagaya ni da tef, takardar zan miƙa masa ko gaskiya zan faɗa?