Igiyar Awon da Na Matse a Hannun Rabi

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma duk wanda zai yanke mini hukunci ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Bara na gama jami'a, yanzu ina aikin sa kai da wata ƙungiya mai wayar da kan iyaye game da ciwon daji na yara.

Zan fara da faɗin inda na samo abin da zan rubuta, don kada in ɗora wani kuskure a kan na farko. Na dogara da kayen lakol, wato littafin rubutun makaranta, da nake rubuta awon yara a ciki, wanda har yau yana akwatina, da abin da idona ya gani, da abin da iyayen yarinyar suka faɗa mini da bakinsu. Shekarar 2005 ce, bayan daminar da fari da fara suka haɗu suka cinye. Watan ban tabbatar ba, domin ruwa ya taɓa shafin, amma na tuna ana noman farko. Sunayen duk na sauya su. Abin da ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, shi ne ainihin cutar, domin babu likitan da ya gwada ta.

A lokacin ina ɗan lise, wato babbar sakandare, aka ɗauke mu aikin hutu a wata cibiyar ciyar da yara, a wani ƙauye na yankin Gidan Sori. Aikina a bakin ƙofa yake: in naɗa igiyar awo mai launi-launi a damtsen yaro. Idan ta tsaya a ja, yaro yana da tamowa, a ba shi kati, duk mako uwarsa ta karɓi ledojin ƙullun gujiya, wato gyaɗa, dominsa, da gari da mai domin gida. Majo, wato shugaban masu jinya, ya gargaɗe mu tun ranar farko: "Kada ku matse, kada ku sassauta. Wanda kuka ga yana da wata cuta daban, ku kawo mini in rubuta masa takardar zuwa asibitin Maraɗi." Na riƙe maganar nan har mata suka sa mini suna Ɗan lakol mai igiya. Wata tsohuwa kullum sai ta miƙo nata hannun ta ce, "Ango, auna ni, na rantse na fi jikana ja!"

Ranar da Hajo ta kawo ƴarta Rabi, mai kimanin shekara uku, igiyar ba ta kai ja ba. Amma cikin yarinyar a kumbure yake, kuma ba irin kumburin yunwa da na saba gani ba. Gefe guda ne, na hagu, da na ɗora tafin hannuna na ji shi da tauri kamar ɗanyar kabewa. Na ce, "Inna, wannan ba tamowa ba ce. Bari in kira majo." Sai ta damƙe wuyan hannuna, ta yi ƙasa da murya: "Ɗan nan, ka rufa mani asiri. In an ce Maraɗi, wa za shi taya ubanta noma? Wa za shi zauna da sauran huɗun? Kwana uku ke nan ƴaƴan anza na daji muke jiƙawa muna ci. Ja kaɗan. Igiya ce hwa, ba za ta yi ƙararka ba."

Na ja. Bai wuce faɗin farce ba, igiyar ta shiga ja, na rubuta, aka ba su kati. A raina na ce na ceci gida guda. Wane ne ni, yaron da bai gama lise ba, da zan zaɓa wa yarinya tsakanin asibiti da garin tuwo? Amma na zaɓa.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni, kuma shi ne nake jin kunyar rubutawa. Duk mako ana rataya Rabi a sikeli, duk mako nauyinta yana ƙaruwa, ni ne nake rubuta shi da hannuna. Layi ba ya ƙarewa, majo ba ya samun ɗaga rigar kowane yaro, lambobin kati yake dubawa ya ce madalla. Ni kuwa ina ganin damtsenta yana ƙanƙancewa, cikin yana girma. Ashe ba ita ce ke ƙiba ba, abin da ke cikinta ne. Me ya hana ni magana? Tsoro. In na faɗa, za a tambayi wanda ya auna ta ranar farko, a kore ni a gaban matan da ke yaba gaskiyata. Aka sallame ta, aka rubuta "ta warke". Ba ta ga girbin shekarar ba.

Na binne maganar har watanni uku da suka wuce, lokacin da wata likitar yara ta horar da mu. Ta ce akwai ciwon daji da ke kama ƙodar ƙananan yara, alamarsa kumburi mai tauri a gefe guda na ciki, kuma da yawansu suna warkewa in an kawo su da wuri. Ta ƙara da cewa masu bincike suna shan wahala, domin irin waɗannan yara sukan rasu a gida, an rubuta su da sunan wata cuta, sai a ɗauka ciwon babu shi a ƙauyuka. Alƙalami ya faɗi daga hannuna. Ba zan rantse cewa shi ne ya kashe Rabi ba, ba kuma zan rantse cewa da an kai ta Maraɗi da ta rayu ba. Abin da na tabbatar shi ne ni na rufe mata ƙofar.

Makon jiya ƙungiya ta aike ni ƙauyen nan in shirya taron iyaye, kuma mutumin da mai gari ya wakilta ya tara mini jama'a shi ne Malam Idi, mahaifin Rabi. Yana ganina ya ce, "A'a, Ɗan lakol mai igiya! Har da gemu?" Ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ya sa aka kawo fura. Muna cikin hira sai ya ce, "Ku dai kun yi naku, Allah shi saka maku. Ni na kashe ɗiyata. An ce ledojin nan ita kaɗai za a ba, ni na ce a raba da ƴan'uwanta, don ban iya kallon idanunsu. Kun warkar da ita, ta dawo gida yunwata ta ƙarasa ta." Ya ce tun shekarar bai sake shuka gujiya ba, ko ƙulikuli ba ya iya kaiwa baki.

Hajo tana tsaye a bakin zana da ƙwarya a hannu. Da na tashi tafiya ta biyo ni kamar za ta karɓi ludayi, ta ce, "Ɗan nan, bai sani ba. Ka bar shi. In ya ji, da wane ido za ni dube shi?"

Ranar kasuwa mai zuwa zan tsaya a gabansu in ce wa iyaye, duk wanda ya ji tauri a gefen cikin yaronsa kada ya jira. Dole in faɗa, domin akwai yara masu rai a ƙauyen. Malam Idi zai zauna a sahun gaba, shi da ya sha goyon Rabi a kafaɗa, ya san yadda cikinta yake. In na gaya masa gaskiya, zan sauke masa kayan da ya ɗauka shekara da shekaru, amma in ɗora wa matar da ta roƙe ni don ƴaƴanta su ci, kuma da abin da ni kaina ba ni da shaidar likita a kai. In na yi shiru, zai mutu yana kiran kansa makashin ƴarsa, alhali hannuna ne ya ja igiyar.

Kwana biyar suka rage mini. Don Allah, me zan yi?